Dannawa Huɗu

Shekara tara Yaya ta yi a ɗakin rediyo tana magana da matuƙan jiragen saman da ba ta san fuskarsu ba, in ban da guda ɗaya: Auta, ƙaninta da ta goya a bayanta. Shi ke tuƙa ƙaramin jirgin ɗaukar majinyata, kuma kunnen ƙashi gare shi tun yana rarrafe.

Muryarta ba ta tsallake duwatsu da kanta. Tashoshi uku ke kai mata ita, ba kowa a cikinsu sai batura da ƙadangaru. Ta farko, ta kan dutse, wadda ake ji a kuma amsa kai tsaye, tun jiya take hannun masu gyara. Ta biyu tana manne da na'urar nuna hanya: matuƙi ya yi magana Yaya ta ji, amma shi ba zai ji amsa ba sai ya buɗe sautin na'urar a cikin jirginsa. Ta uku tana ƙasa, gefen wani ɗan filin sauka a cikin kwari. In jirgi yana ƙasa a can aka danna maɓallin magana sau huɗu, sai baƙar wayar teburinta ta yi ƙara.

Da rana tsaka hadari ya haɗo a kan allonta na duba yanayi, ja wur, ya toshe bakin kwarin. A daidai nan muryar Auta ta shigo ta tasha ta biyu, yana faɗin lambar jirginsa da fara'a.

"Ka juya," in ji Yaya. "Hadari ya rufe kwari. Ka juya yanzu."

"Ɗakin rediyo, kuna ji na? Ko an tafi cin abinci ne?" in ji Auta.

Ta san halinsa. Na'urar nan tana ƙiit-ƙiit ba hutu, shi kuwa ya tsani ƙarar, kullum sai ya murɗe sautin har ƙasa. Sau nawa ta yi masa faɗa a kan wannan, yana dariya yana cewa ta cika mita?

Ta maimaita sau bakwai. Dogo, abokin aikinta, ya nemi wani jirgi a kusa da zai isar da saƙo, sararin kuwa wayam, ba kowa.

"To, shiru kuke ji," Auta ya ce. "Ni da nas za mu shiga kwari. Yaya, in kina nan, kar ki ɓata rai."

Daga nan duwatsu suka raba su. Ta cire abin kunnenta ta ajiye, ta zuba wa baƙar wayar ido. Tsoro take ji, da haushi kamar ta kama shi ta zane. Fanka tana juyawa. Shayin Dogo ya huce a kofi. Minti ashirin, minti talatin.

Wayar ta yi ƙara.

"Yana ƙasa!" Dogo ya daka tsalle. Yaya ta fizgi wayar, zagi na bakinta a shirye.

Ruwa ta fara ji yana dukan ƙarfe, sannan numfashi. Muryar mace ce.

"Nas ce. Mun sauka, amma da ƙyar, fiffike ɗaya ya karye."

"Ba shi wayar. Ba ni ƙanina."

Matar ta sassauta murya.

"Shi ya ce in danna sau huɗu, wai yayarsa za ta ɗauka. Tun da ya faɗi haka bai sake magana ba."