Suna na Huɗu a Takardar Rahila

Rahamatu ta shiga ɗakin maƙwabciyarta Rahila aron rariya, sai ta ga ambulan a kan tebur, da kyandir biyu a gefensa. Bakinsa a buɗe, takarda ta leƙo. Ba ta iya karatun boko ba, amma sunan mijinta kam ta san kamanninsa, don kullum tana duba shi a katin aikinsa na gadi. Habibou. Ga shi nan, na huɗu a jeri.

Ta soke takardar a ƙugu, ta fito ba rariyar.

Saura makonni uku Habibou ya cika shekara da ɓata. Ranar rikicin kasuwar Ketu ya fita daga gidan nan na Agege, bai dawo ba. An duba asibitoci, an aika har Maraɗi wajen danginsa, shiru. Ita dai ta tsaya a kan yana raye. Ba ta yi takaba ba, ba ta yarda an yi sadakar arba'in ba.

To me sunansa yake yi a ɗakin Kirista, kusa da kyandir? Sai yanzu abubuwa suka riƙa faɗo mata. Shekaranjiya Rahila ta tambaye ta sunan mahaifin Habibou, wai hira ce. Kowa ya san masu neman sunan mutum da na iyayensa, kuma an san inda suke kai shi. Ga Bature, mijin Rahila, direban motar haya ta danfo, wanda a da ba ya wucewa sai ya tsokane ta. Shekara guda ke nan in sun haɗu a bakin famfo sai ya sunkuyar da kai.

Da hantsi Rahila ta shigo cikin zanen zumuntar matan coci, tana cigiyar takarda, wai za ta makara coci. Rahamatu ta zaro ta, ta ɗaga, ta ce a gaya mata bokan da za a kai wa.

Rahila ta yi rantsuwa ba boka. Ta ce jiya ce Ranar Dukan Tsarkaka, yau kuma ta waɗanda suka riga mu. Haka suke yi tun a Zonkwa. Kowa ya rubuta nasa, a ajiye gaban bagadin coci, Fada, limaminsu, ya yi musu addu'a har wata ya ƙare, da yamma a kunna kyandir a kan kaburbura. Ta nuna da yatsa: babanta, yayarta, da jaririn da ta rasa.

"Duk matattu ne?" in ji Rahamatu.

"Duka."

"To wa ya gaya miki nawa ya mutu?"

Rahila ta zauna a bakin gado ba a ce ta zauna ba. Can ta ce Bature yana Ketu ran nan. Ya ga gawar Habibou da idonsa, a bakin gada. Shi ya rufa masa buhu kafin motar gwamnati ta kwashe gawarwakin. Ya dawo ya sa ta rantse kada ta faɗa, don yana tsoron a ce me ya kai shi wurin, alhali gari ya ɗauki zafi.

"'Yar'uwa, ba wanda ya yi masa addu'ar mamaci, ko ɗaya. Abin ya tsaya mini a wuya."

Rahamatu ta daɗe tana kallonta, tana neman alamar ƙarya. Ta so ƙwarai ta samu.

Ta ɗauko reza, ta yanke layi na huɗu a hankali, ta miƙa wa Rahila sauran ukun. Ta ce nasu ne za su yi masa, a masallaci. In Bature ya dawo a turo shi, da bakinsa take son ji.

Bayan fitar Rahila ta ja labule. Ta san abin da liman zai ce, kwanakin takaba sun wuce tun tana jiran sallamarsa a ƙofa. Duk da haka ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta.