Wutsiyar Watan Halima

Shekara talatin muna maƙwabtaka da Halima mai bandar kifi a Yelwa, ban taɓa jin ta ce wa mutum a'a ba. Ko akuya ce ta shigo gidanta, sai ta gama cin abin da ta zo ci ake korar ta. Wannan hali nata yana ba ni haushi ƙwarai.

Saboda haka da ɗanta Jabir ya bugo daga Kaduna ya ce ta tattara ta koma wurinsa bayan Sallah, ta huta da hayaƙi, sai ta ce to. Tana ajiye waya ta shigo wurina ta zauna kan turmi, ido ya yi ja, wai hayaƙin banda ne. Ni Christiana da na yi shekara ashirin da bakwai ina aikin jinya za a gaya wa hayaƙi.

Tun da na yi ritaya na samu wata manhaja a waya mai zana yadda taurari suke ranar da aka haifi mutum. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne Kai da Wutsiya, wato wurare biyun da hanyar wata ke gitta hanyar rana. Masu abin sun ce Wutsiya ita ce halin da ka zo da shi ka saba, Kai kuma inda ya kamata ka dosa. Halima ta ce ita ba ruwanta da duba, Allah kaɗai ya san gaibu. Na ce ni ma fastonmu bai san ina yi ba. Ta matso da turminta kusa.

Na karɓi katinta na ɗan ƙasa na shigar da ranar haihuwa: ɗaya ga Janairu, 1970. Waya ta ce Wutsiyarta na gidan wahalar aiki, Kanta na gidan sakin komai a huta. Wato Kaduna ke nan. Raina ya ɓaci, don gaskiya so nake wayar ta ce ta zauna. Idan ta tafi, da wa zan riƙa faɗa?

Sai can na tuna rabin mutanen unguwarmu ɗaya ga Janairu aka haife su a kati, har da ni. Akawu ne ya ga tsayinmu ya yanka mana shekaru. Na ce wannan taurarin akawu ne, mu tashi mu je wurin wadda ta haife ta.

Ranar kasuwar Warra muka shiga mota muka nufi can. Mun tarar da Inna Dudu, mahaifiyar Halima, a inuwar mangwaro a gidan ɗanta tana ɓarar gyaɗa. Ta haura tamanin amma bakinta bai tsufa ba. Da na tambaye ta ranar, sai ta yi mini kallon marar hankali, ta ce ina ta san wata Janairu. Abin da ta sani, shekarar da ruwan dam ya ci garinsu ce, kafin damina, kuma gab da asuba rana ta kama wata. Duk garin nasu, Tungar Gidaɗo, an fita ana kaɗa kwanoni da gwangwanaye ana roƙon a saki wata, ita tana ɗaki tana naƙuda ba mai jin kiranta, har ungozomar ma ta tafi da murfin tukunya.

Na kusa yin guɗa. Husufi ba ya faruwa sai wata ya hau Kai ko Wutsiya, don haka ranar ba za ta ɓuya ba. Kowa ya san shekarar dam, 1968, sai na bincika husufin shekarar na samu ɗaya a watan huɗu. Sai waya ta nemi garin haihuwa. Na rubuta Tungar Gidaɗo, ta ce babu. Inna ta karɓi wayar, ta sa na buɗe taswira, ta bi bakin tafki da farce, sannan ta dangwala yatsa a tsakiyar shuɗin ruwa. Ta ce nan, kusa da tsamiya.



Wannan karon zane ya fito daban. Wata na zaune daram a kan Wutsiya, a burujin Ma'auni: mai auna ran kowa, mai gudun ɓata wa mutane. Kai kuma yana burujin Rago, wato ta koyi yanke wa kanta shawara. Na karanta da ƙarfi har sau biyu, ina ƙara gishiri. Halima ta yi dariya ta ce duk unguwa an san wannan ba sai da waya ba, kuma ai Jabir alheri yake nufi, ba za ta kunyata shi ba.

Inna ta tambayi abin da ake ciki, muka gaya mata. Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta.

"Ni ban san Rago ba, ban san Ma'auni ba," in ji ta. "Amma ran da anka ɗauke mu daga Tunga, kina bayana, ba wanda yat tambaye ni ko ina so. Mota ta zo, munka hau. Ke ɗanki tambayarki ya yi, ɗiyata. Mi kika ce mishi?"

"Na ce to, Inna."

"To ɗin naki ne, ko nashi?"

Halima ta miƙe ta yi mata sallama. A mota na kame bakina, abin da ban saba ba, har muka wuce rabin hanya. Can ta ce in ara mata wayata, tata ba caji. Na ji ta gaishe da Jabir, ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa masa albarka har na fara gyangyaɗi. Sannan ta ce, "Jabir, ba ni zuwa. Nan nika son zama."

Ta miƙo mini wayar tana dariya tana share ido.

"Christiana," ta ce, "ashe ba a mutuwa don an ce a'a."