Cinyar Ƙarshe a Bokitin Kuya Boyet

Mutanena na wannan shafi, ina gaisuwa. Masu karantawa su wuce shiru kamar ba su zo ba, ku ma na gan ku. Ku matso, yau labarin Efren ne, wanda muke kira Baturen Katanning, da yadda cinyar kaza guda ɗaya ta tona masa asiri.

Efren ɗan garin Iloilo ne can ƙasarmu, yana fiɗa a mayankar tumaki ta garin Katanning a Ostireliya, gida ɗaya da Kuya Boyet, wato Yaya Boyet, babbansu, da Dodong wanda cikinsa bai taɓa jin labarin ƙoshi ba. Tun da Efren ya sauka Ostireliya ya yanke hukuncin cewa shi ya waye. Shinkafa safe da rana da dare? Ƙauyanci. Burodi yake shafa wa baƙin man nan mai gishiri, yana haɗiya da ƙyar yana cewa daɗi. Duk wanda ya ce yana kewar gida, amsa ɗaya ce: "To ka koma mana, jirgi ya daina tashi ne?"

Wata Lahadi da rana Kuya Boyet ya dawo daga birnin Perth da bokitin kaza daga shagon Aling Pacing, tsohuwar da take suya sak irin ta shagunan gida. Fata ƙaras-ƙaras, romo mai kauri a 'yan robobi, ga jar taliyar nan mai zaƙi kamar an narka mata alewa. Duk tsawon hanya bokitin a kujerar gaba yake, ɗaure da bel kamar jariri.

Dodong ya ɗaga murfi ya shaƙa, idonsa ya kawo ruwa. "Kuya, ka ji? Ƙamshin Lahadi bayan coci."

"Bature, zo mu ci," in ji Kuya Boyet.

Efren ya taɓe baki daga kan kujera. "Ku ci kayanku. Ƙatti da gemu, kuna hawaye a kan kaza."

Abin da ba su sani ba, ranar ce 'yarsa Ningning take cika shekara bakwai, kuma a shagon kaza za a yi mata biki can gida. Ta sa shi ya yi alkawari a waya: "Papa, in na ɗaga cinyar kazata, kai ma ka ɗaga taka, mu ciza tare." Shi ne ma ya yi ta jefa sunan Aling Pacing a hira duk makon, kamar da wasa, har kwaɗayin Kuya Boyet ya tashi. Amma ya fito fili ya ce yana so? Bayan duk cika bakin nan? Ina.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Mu mutanenmu ba ma cin yankan ƙarshe. Ko mutum goma ne masu yunwa, yankan ƙarshe zai zauna a faranti kowa na satar kallonsa, kunya ta riƙe hannun kowa. Zai jira su kwanta barcin rana, ya sunkuci abinsa, ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Haka kuwa aka yi. Ƙasusuwa suka taru, cinya ɗaya ta rage a gindin bokiti.

"Kuya, ɗauka mana," in ji Dodong, idonsa a kanta.

"Na ƙoshi. Kai ɗauka."

"Ni? Ko wurin ruwa babu."

Efren ya ɓoye murmushi a bayan wayarsa.

Sai ga maƙwabcinsu Mista Trevor, tsohon manomi mai jan wuya, ya leƙo ta ƙofar baya yana neman aron tsani. Kun dai sani, in mutum ya same mu a kan abinci dole a yi masa tayi, shi kuma ya ce ya gode ya ci, kowa ya huta. To wa ya yi tayin? Baturen Katanning da kansa. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Zo mu ci, Mista Trevor."

"Ai kuwa tun safe ban sa komai a bakina ba," in ji tsohon.

Ya ja kujera. Ya zura hannu cikin bokitin ba ko ɗar. Mutum uku suka bi cinyar da ido tun daga gindin bokiti har cikin romo, har bakinsa. Ya gwaguye ta tas, ya lashe yatsu.

"Gaskiya kun iya kaza," ya ce, ya saɓi tsani ya tafi.

Bai kai shingen gidansa ba wayar Efren ta fara ƙara. Kiran bidiyo. Ya zuba mata ido kawai.

"Ba Jocelyn ba ce?" in ji Kuya Boyet. "Matarka na kira ka tsaya kallo?"

Wayar ta katse, ta sake farawa. Efren ya dubi bokitin, ya dubi ƙasa, sannan ya faɗa musu komai da wata ƙaramar murya da ba su san yana da ita ba: bikin, alkawarin, da cizon da za a yi tare.

Dodong ya miƙe, ya buɗe firji, ya zura hannu can bayan galan ɗin madara, ya zaro fiffike biyu a naɗe cikin leda. Kuya Boyet ya yi gyaran murya, ya shiga ɗakinsa, ya fito da kular da yake zuwa aiki da ita. Cinya ce kwance a ciki.

"Kuya, ba kai ka ce abin da ke bokiti shi ne duka ba?" in ji Dodong.

"Kai da ba ka da wurin ruwa fa? Rufe mana baki, ɗauko faranti."

Aka zuba shinkafa, aka kwarara romo, aka kankare sauran taliya a gefe. Efren ya amsa kira na uku. Ga Ningning da hular takarda a karkace, bakinta ja da miya, ta ɗaga cinyarta sama. Ya ɗaga tasa.

Ta matso da fuska kusa da waya. "Papa, ka riga ni. Ga wurin haƙori nan."

Kuya Boyet ya cusa kansa cikin hoton. "Ni ne, 'yata. A hanya na ɗanɗana masa, kada a ce ba ta soyu ba."

Ta yi dariya, ta ƙirga musu, suka ciza tare. Efren ya tauna a hankali. Can sai ga ruwa yana gangarowa ta gefen hancinsa.

Dodong ya jingina da bango ya harɗe hannu. "Ƙato da gemu..."

"Yaji ne," in ji Efren.

"Kazar Aling Pacing ba ta da yaji, Bature."

"To miƙo min tukunyar shinkafar, ka daina surutu."

Ragowar burodin nan da baƙin mansa, Mista Trevor aka kai wa washegari, ya yi ta godiya.

Yanzu ku faɗa min gaskiya, ban da cika baki. Da ku ne Efren, hannun tsohon nan yana gangarawa cikin bokiti, za ku riƙe masa hannu ne, ko za ku yi murmushi ku miƙa masa romo?