Numfashin Motar Abrafi

A duk garejojin Suame babu mai kunnen Agya Ntim. Shekara arba'in ke nan yana ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya faɗa maka bawul ɗin da ke makara. In ya yanke hukunci, to magana ta ƙare.

Da hantsi 'yarsa Abrafi ta shigo da bas ɗin da ta sayo a Tema, wadda da ita za ta riƙa ciyar da 'ya'yanta uku. Injin dizal ne ɗan yayi. Tsoho ya saurara, ya yi tari, ya taɓe baki.

"Ba ta da tsayayyen hali," in ji shi. "In tana tsaye bawul ya rufe da wuri, in an taka totur ya jinkirta. Walda zan yi mata ta tsaya wuri ɗaya."

Haka ake yi a layinsu. Duk ƙarfen da ya motsa ba da izini ba, sai ya sha wuta.

"Baba, haka fa aka ƙera ta. Ita ke zaɓar lokacin da za ta sha iska, don man ya ƙone tas."

"Wa ya gaya miki? Ke da ko taya ba ki iya canzawa?"

"In ka lalata ta, Baba, ba ni da wata."

Ya riga ya jawo wayar walda. Amma tsoro ya ɗan taɓa shi, sai ya sake manna kunne.

Hayaniyar guduma ta yi nisa. Tunani ya mayar da shi kan hanyar gona a Mampong, matarsa marigayiya Dufie na gaba da kwandon ayaba a ka. Inda hanya take a shimfiɗe, numfashinta a hankali yake, kamar mai barci. Da suka fara hawan tudu sai ya zurfafa, ya yi sauri, ba wanda ya umarce ta. Ya bi ta, yana jin iska na shiga tana fita, yana kewarta har cikin ƙashi. Ashe abin da injin ke yi ke nan.

"Taka," ya ce, bai buɗe ido ba.

Abrafi ta taka. Ya zagaya baya, ya zaro farin hankici ya tara a bakin salansar da hayaƙi ke fita, gwajin da ya saba. Shekara arba'in hankicinsa baƙi ƙirin yake dawowa daga injinan da ya gyara da hannunsa, yana cewa hayaƙin alamar ƙarfi ne. Yau ya dawo fari.

Ya saki wayar walda. Tarin nan nasa ya taso, ya toshe baki da hankicin, ya daɗe a duƙe. Da ya ɗago ya duba, sai ga baƙin da motar ba ta bari ba, daga ƙirjinsa ya fito.

Ya naɗe shi da sauri kafin Abrafi ta gani.

"Tafi da ita," ya ce. "Ki sa yaran a ciki."