Geji a Motar Malama

Shekara arba'in Mai Kunne yana gyaran mota da saurare. Mota na shigowa gareji, kafin direba ya kashe ta, ya riga ya faɗi ciwonta. Da kanikawan zamani suka fara yawo da geji, agogon nan na awon inji, shi ne kan gaba wajen yi musu dariya, wai wanda Allah ya ba kunne me zai yi da agogo.

To, kunnen ne ya fara tafiya. Na hagu ya mutu tun bara, na dama kuma sai ka ce an cusa auduga. Bai gaya wa kowa ba, har ƙanensa Auta mai wayarin, wanda suka yi furfura tare a rumfa ɗaya. Ya koyi kallon bakin mutane, ya koyi gyaɗa kai. Abin da yake tsoro shi ne ranar da maganar za ta fita, masu tsofaffin motoci su ɗauke ƙafa, don ba fuskarsa suke zuwa kallo ba.

Ran nan da hantsi Malama ta kawo motarta. Tsohuwar shugabar makaranta ce, mai magana ƙasa-ƙasa. Motar kuwa ta farkon masu injekta ce, shekararta talatin da biyar, kayanta sun ƙare a kasuwa. Ta ce in ta tsaya a danja sai motar ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi.

Da a da ne, minti biyu ya ishe shi. Yanzu ya tsaya kan injin yana jin gurnani daga nesa, ba ya rarrabe komai. Sai dabara ta zo masa.

"Malama, motar nan ta tsufa. Bari in sa miki geji a gabanki, mai nuna ƙarfin da inji yake zuƙar iska. Ko ba na nan kina ganin lafiyarta da idonki."

Ta yarda. Ya fito da gejin da ya saya a ɓoye wata biyu da suka wuce, yana naɗe a tsumma a ƙasan akwatin sifana.

Auta ya leƙo daga cikin wata mota, waya a bakinsa. "Yaya, yau kai ne da agogo? Ko rana ta fito daga yamma?"

"Na Malama ne, sarkin sa ido. Ka ji da wayoyinka."

Ya ɗaure gejin da sukuru biyu a gefen sitiyari. Ya zura siririn tiyo ta ramin robar da wayoyi ke bi zuwa wajen inji, ya kauce wa duk inda ke da zafi. Ya nemo tiyon da ya fito daga bututun iska a bayan totur, don a nan ne inji ke zuƙa ko mota na tsaye yana silo, ya yanka shi, ya haɗa da 'yar mahaɗa mai baki uku.

Ya tada mota, ya bar ta ta yi zafi. In inji lafiyayye ne, allurar geji tana zama wajen sha takwas zuwa ashirin. Wannan ta tashi ta tsaya a sha ɗaya.

Ke nan iska na satar shiga ta wani wuri. Ya ɗauki filaya ya dinga matse tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, yana zagayowa ya leƙa gejin ta gilashi. Na birki, na fetur, na bawul ɗin silo. Allura ko gezau. In ba tiyo ba ne, to ciwon yana ciki, sai an sauke kan inji. Inji mai wannan shekaru kuwa in aka buɗe shi, ba kullum yake komawa ba. Kuma ba shi da kunnen da zai gaskata allurar ko ya ƙaryata ta.

Ya sake cusa kai ƙarƙashin bonet don ya samu lokacin tunani. A nan ba ya ganin bakin kowa. Da ya ɗago, sai ya ga Malama ta tashi daga benci tana tsaye kusa da shi, bakinta ya gama motsi, tana jiran amsa.

"Haka ne, Malama," ya ce, ya gyaɗa kai. "Sai dai haƙuri. Iskar ba ta tiyo take shiga ba, duk na duba. Sai mun buɗe injin."

Ta dube shi, ta dubi Auta, wanda shi ma ya ajiye aikinsa ya matso.

Auta ya zo daf da fuskarsa, ya ɗaga murya. "Yaya, tambayarka ta yi, wannan fito da yake tashi fa? Sau uku tana tambaya."

"Wane fito?"

Kalmar na fita ya san ya gama tona wa kansa asiri. Auta ya kama hannun wansa ya ɗora a kan mahaɗar da ya sa da kansa. Iska mai sanyi ta ja fatar yatsansa. Bakin tiyon ya tsage wajen turawa, kuma shi kaɗai ne bai matse ba, don aikinsa ne. Ashe tun ɗazu yana ta fito, har mai faci na ƙetaren titi yana waigowa.

Ya yanke wajen tsagar, ya mayar, ya ɗaure da kilif. Allura ta hau sha biyar ta tsaya. Motar kuma tana nan tana kakkarwa.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Malama, ba na ji. Shekara guda ke nan. In za ki kai ta wani wuri, ba zan ga laifinki ba."

Auta ya yi tsaki. "Shekara biyu dai. Kana tsammani don sha'awa nake maimaita maka maganar kowane direba? Matarka ma cewa ta yi in ƙyale ka, girman kan zai sauka da kansa."

"Da kai da ita, Allah ya isa."

"Amin. Matsa in ji."

Auta ya kwantar da kai a gefen injin, ya rufe ido. Can ya nuna gindin injekta ta uku. "Nan akwai ƙaramin huci. Ban san ko mene ne ba, ni ɗan waya ne."

Mai Kunne ya san ko mene ne. Robar da ke riƙe da injekta ce ta bushe. Ya laƙato giris ya shafe gindin don ya toshe kafar iskar, ya zagaya da sauri ya leƙa. Allura ta ɗaga a hankali, ta wuce sha bakwai, ta zauna a sha tara. Ya dafa bonet, kakkarwar ta lafa a tafin hannunsa.

Malama ta zagayo ta tsaya inda zai ga bakinta, ta yi magana da muryar da take tsayar da ɗalibai a filin taro.

"Za a buɗe injin ko ba za a buɗe ba?"

"Ba za a buɗe ba. Roba ce 'yar ƙarama, gobe zan nemo."

"To goben zan dawo. Ku biyun nake so in tarar."

Ta ɗauki jakarta ta nufi titi neman tasi. Mai Kunne ya zauna a kan benci.