Girkin Mutum Biyu

Shekara goma sha tara ina girki a kamfanin yin takalma, mutum ɗari biyu da arba'in nake ciyarwa kullum da rana, amma ranar da zan dafa wa mutum biyu abinci sai da na jiƙe sharkaf da gumi. Yanzu nake ba da labarin ina dariya. A ranar kam hankalina ba ya jikina.

Matata ungozoma ce, kowa Sista yake ce mata, har ni. Ita kuma Kuku take ce mini, sai in ranta ya ɓaci in koma Baban yara. Mako biyu kafin ranar girkin nan, wadda Laraba ce, aka ba ta takardar ƙarin girma: za ta shugabanci ɗakin haihuwa a wani asibiti mai nisan tafiyar awa bakwai, har shekara uku. Ranar Alhamis za ta ba su amsa. Sau uku tana tambayata me na gani, sau uku ina ce mata duk yadda ta yi daidai ne. Ƙarya nake yi. Ko kaɗan ba na so ta tafi, amma ina jin nauyin a ce ni na tare wa matata hanya, sai na ja bakina na yi gum, abin yana ta cina a rai.

Yaranmu biyu suna jami'a, gida ya rage daga ni sai ita, kuma da ƙyar muke haɗuwa. A gida ba na girki, don wanda ya yini a gaban wuta ba ya marmarin ganin murhu. Abin da na zubo a kula daga wurin aiki shi take ɗumamawa, ta ci a tsaye tana duba waya. Sai na ƙudurta cewa ranar Laraba, tun da ƙarfe shida za ta tashi daga aiki, zan zaunar da ita mu ci abinci kamar mutane, ko Allah zai sa bakina ya buɗe.

Kasko ɗaya na yanke zan yi amfani da shi, kuma ina da dalilina. Sista ba ta iya zama muddin akwai kwano mara wanki a kicin. In ta hango tukwane uku a jibge, za ta miƙe da lomar ƙarshe a baki ta hau wanke-wanke, ta ba ni baya, magana ta bi ruwa. Ga shi likita ya ce jininta ya fara hawa, a rage mai, a rage gishiri. Don haka na sayo tsokar kaza biyu, dankali ƙanana, karas, koren wake, albasa, tafarnuwa da lemon tsami. Abu mai sauƙi, minti arba'in an gama.

Na zuba man zaitun cokali ɗaya, na gasa kazar ta yi ja, na jera kayan lambun a gefenta, ƙamshi ya cika gida. Ina tsaye ina bitar abin da zan faɗa mata. In fara da yara? In fara da nisan hanya? Ina cikin wannan lissafi hannuna ya shiga robar gishiri, ya damƙo cike da tafi kamar yadda ya saba yi wa tukunyar kamfani, ya watsa. Sai da na ga kaza ta yi fari fat sannan na dawo hayyacina.

Na ɗanɗana romon, har kunnena sai da ya motsa. Ƙarfe biyar da kwata.

Mai hankali zai zubar ya sake sabo, amma ni ba a koya mini zubar da abinci ba. A wurinmu in gishiri ya zarce, ƙara kaya ake yi har ya daidaita. Na tsame kazar na ɗauraye ta a famfo, na tsiyaye romon, na fere sauran dankalin duka na zuba. Da saura. Na yanka rabin kabeji. Da saura. Na buɗe firji na kwashe duk abin da ke da ganye a jikinsa, har da wasu tumatir biyu da suka fara yamushewa. Kafin in samu ɗanɗanon da mai hawan jini za ta iya ci, kaskon ya yi tozo, murfi ya ƙi zama, tsokar kazar nan biyu sun ɓace a ƙasa sai an tona.

A haka ta shigo ta same ni. Ta ajiye jaka, ta cire takalmi, ta dubi teburin da na shimfiɗa wa ƙyalle, ta dubi kaskon, sannan ta tambaye ni ko baƙi za mu yi. Na ce babu kowa, mu biyu ne. Ta ce to ma'aikatan kamfanin ƙarfe nawa za su iso. Dole na ba ta labarin gishiri daga farko har ƙarshe, ta yi ta dariya har tana riƙe bakin tebur. Rabon da in ji wannan dariyar na manta.

Muka zauna, kaskon a tsakiya, na matsa lemon tsami a kai. Ta tono kaza ta ci, ta ce wallahi ya yi daɗi, kuma na san ba ta yi wa abinci kara. Ta ci sosai. Da ta ƙoshi sai na ga idonta ya nufi kicin yana neman abin wankewa, bai samu ba, ya dawo kaina.

"Shekara sha tara hannunka bai taɓa kuskure ba," in ji ta. "Me ke damunka, Baban yara?"

Duk jawabin da na tsara ya gudu. Yara, nisan hanya, babu wanda na tuna.

"Ba na so ki tafi," na ce. "In kin tafi ba zan hana ki ba, zan ma kai ki da kaina. Amma ba na so."

Ta jawo jakarta ta fito da takardar, ta ajiye kusa da farantina. Ta riga ta sa hannu a wurin amincewa, da kwanan wata na gobe Alhamis.

Ta ce ita aikin bai tsone mata ido ba, matan da take karɓar haihuwarsu a nan sun ishe ta, kuma gwiwoyinta ba na sabon wuri ba ne. Abin da ya sa ta sa hannu shi ne amsata. Sau uku tana tambaya, sau uku ina nuna mata zamanta da tafiyarta duk ɗaya ne a wurina, har ta fara yarda. Ta ce ranar ta ukun a banɗakin asibiti ta yi kukanta ta wanke fuska.

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ni ina ganin kara nake yi mata, ashe wuƙa nake caka mata a hankali. Na ba ta haƙuri, na sake ba ta, har ta ce ya isa haka.

Ta ninke takardar gida huɗu ta tura ƙasan jaka, ta ce gobe da safe za ta gaya wa shugabarsu a ba wata aikin. Na sauke wata ajiyar zuciya da ta yi mako biyu a maƙale a ƙirjina, jikina duk ya saki kamar na sauke buhu. Na tambaye ta ko ta tabbata, don kada wata rana ta yi da-na-sani.

Ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura da tsayuwa ta ɗora a cinyata, ta turo mini farantina da ban taɓa ba.

"Ci abincinka, Kuku," ta ce. "Ina nan."