Kwalbar da Ta Ci Haƙoran Abbagana

Abbagana dillalin bandar kifi ne a kasuwar Gashuwa, mutum mai yawan dariya, kuma idan ya yi sai haƙora su fito farare tas, don ko goro bai taɓa ci ba. Da ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, matarsa Fanna ta bi shi babban asibiti a birni, ta yi sati bakwai a kan tabarma a baranda ana gasa masa wurin da na'ura. Ciwon ya lafa, amma gashin ya ƙone masa maɓuɓɓugar yawu. Baki ya bushe ƙayau, harshe na manne wa ganɗa, tuwo ba ya wucewa sai da kurɓar ruwa.

Ran da aka sallame su likita ya rubuta musu yawun kwalba, wanda ake fesawa a baki. Fanna ta zaga Gashuwa ba ta samu ba, sai ta hau mota zuwa Nguru, kantin maganin Ibram, abokin mijinta tun suna samari. Ibram ya leƙa takardar, ya miƙo mata wata kwalba mai hoton lemon tsami.

"Kamar ba wannan sunan ke takardar ba," in ji Fanna.

"Ya Fanna, duk ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Wannan ma ya fi tsinko yawu."

Ta yarda, don ba ta ga dalilin ƙin yarda ba. Wata biyar tana bin Abbagana da kwalbar. In ya manta ta tuna masa, in ya ce tsamin ya dame shi ta yi masa faɗa. Sau goma a yini, wani lokaci fiye.

Sai haƙoran suka fara kasa jure ruwan randa. Suka dushe, suka yi rawaya, gindinsu ya yi baƙi. Wata safiya yana cin burodi jiƙaƙƙe da shayi, haƙorin gaba ya ɓalle a bakinsa kamar busasshen ƙosai. Ya tofo shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

Likitar haƙorin da suka je wurinta a Gashuwa a ranar, Dakta Karima, ta duba bakin, ta ce a ba ta abin da yake fesawa. Ta ɗiga shi a wata 'yar siririyar takarda, nan take takardar ta yi ja.

"Hajiya, wannan tsami ne zalla," in ji ta. "Yawun da Allah ya ba mu shi ke wanke tsami, ya gyara farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori. Malam ba shi da yawu, gashin kuma ya riga ya raunana haƙoran. Duk feshin da aka yi, ɓawon yake narkarwa, kuma ba ya sake tsirowa. Wanda aka rubuta muku ba shi da tsami, har da sinadarin ƙarfafa haƙori a ciki."

Fanna ta dubi kwalbar. Da hannunta ta yi! Ta kalli mijinta, ya ce a hankali, "Bari kawai, Fanna, haka Allah ya so."

Ba ta bari ba. Washegari ta sauka a tashar Nguru, ta shiga kantin ba ko sallama, ta dangwarar da kwalbar a gaban Ibram, ta kwance bakin mayafinta ta ajiye guntun haƙorin kusa da ita.

"Ka gane na wane ne?"

Masu sayen magani suka juyo. Ibram ya rage murya. "Haba Ya Fanna, ƙaddara ce. Ni ba likita ba ne."

"Ba likita ba ne kai? To wa ya ba ka ikon canja abin da likita ya rubuta? Da ka ce min babu, da na wuce Kano ko a ƙafa ne! Na tambaye ka da bakina, ka ce duk ɗaya ne. Mutumin nan ya sha wuta sati bakwai bai yi kuka ba, jiya ya yi a kan burodi. Kada ka ƙara ɗora wa Allah gangancinka a gabana."

Ta hango sauran kwalaben jere a kan kantar, guda tara. Ta ce sai ya sauke su tana kallo. Ya dubi mutanen da suka cika ƙofa, ya sauke.

"Wa kuma ka ba?"

Da ƙyar ya ce akwai wata mata daga Dapchi, Suwaibatu, da aka yi wa gashi a muƙamuƙi. Fanna ta sa ya karanto lambarta, ta kira a nan tsaye, ta ce mata ta daina feshin yau ɗin nan, ta zo Gashuwa a duba ta.

Cikin haƙoran Abbagana, shida Dakta Karima ta ce ba za su tsira ba, kuma cire su sai an yi a hankali, don ƙashin da aka gasa ba ya saurin warkewa. Sauran ta ceto su da ciko da wani man shafawa. Ibram ya zo dubiya bayan sati biyu da ledar dabino. Abbagana ya karɓe shi a zaure suka gaisa. Fanna ta aiko da ruwan sha, amma ba ta fito ba.